Kan Aradu Ya Ɗara da Inci Huɗu

Allah bai yi wa jam'iyya mai mulki baiwar da ta kai Shugaban Matasanta ba. Ba ni kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, shi ma ra'ayinsa ke nan, kuma ya sha faɗa a rediyo. Sunan da ya raɗa wa kansa Aradu. Mutanen gari kuwa Lasifika suke ce masa, amma sai ya ba da baya, don sun san mutum ne mai tawali'u, ba ya son yabo ido da ido.

Shekara goma sha tara yana riƙe da kujerar matasa, riƙo na amana, bai taɓa barin wani matashi ya wahala da ita ba. Ofishinsa yana hawa na biyu a sakatariyar jam'iyya. Akwai kujera mai juyawa, da fanka mai kuka, da hotunansa bakwai a bango, sai madubi da ya cike na takwas. Kwalbar baƙin rinin gashi kuwa tana cikin aljihun tebur, ba ta shiga harkar kowa.

Hidimar da ya yi wa ƙasa ba ta faɗuwa. Da matan kasuwa suka yi kukan tsada, shi ne ya hau buɗaɗɗiyar mota ya wayar musu da kai cewa yunwa farfagandar 'yan adawa ce. Jam'iyya ta ce ra'ayinsa ne na ƙashin kansa. Da magoya bayansa suka farfasa kujeru a taron malaman makaranta, jam'iyya ta ce zafin jini ne na ƙuruciya. Da ya sanar cewa duk ɗan jaridar da ya yi masa tambaya biyu a jere maƙiyin ci gaba ne, jam'iyya ta ce za ta duba lamarin. Har yau tana dubawa.

Sai aka zo buga fastar babban taro, wadda za ta ɗauki hotonsa da na Shugaban Jam'iyya. Aradu bai yarda da aike ba. Da ƙafarsa ya je shagon mai buga fasta, ya tsaya a kansa, numfashinsa na dukan ƙeyar bawan Allah.

"Ƙara kaina," in ji shi. "Ƙara. Matasa su ne ƙasar nan, kai kuma ka ba su kan da bai kai lemo ba? Wannan kai da kake gani ba nawa ba ne, na al'umma ne. Ƙara!"

Mai buga fasta yana da iyali, sai ya ƙara. Da kan al'umma ya gama yalwata, Shugaban Jam'iyya ya koma can lungu kusa da kwanan wata, kamar hoton katin shaida.

Washegari Shugaban Jam'iyya ya wuce ta ƙarƙashin gada a kan hanyar ofis, ya ɗaga kai ya ga fastar a manne. Kafin azahar jam'iyya ta tuna tana da tsarin mulki, har aka gano inda aka ajiye shi. Aka kafa kwamitin ladabtarwa, aka aika wa Aradu takardar sammaci.

Aradu ya tara 'yan jarida a bakin matakala. "Su kore ni in sun isa!" ya ce. "Ranar da aka taɓa kujerar nan, matasa miliyan goma za su tare hanya, ko keke ba zai gifta ba. Ni ba mutum ba ne, ni zamani ne!"

Gaskiyar magana, hankalinsa ya tashi ƙwarai. Bai iya saye ba, bai iya sayarwa ba, ko taya bai taɓa canzawa ba. In aka ɗauke kujerar nan, babu abin da zai rage sai murya. Amma ya lallashi kansa da cewa kora ma riba ce: korarre gwarzo ne, rediyo za ta neme shi, 'yan adawa za su zo zawarci. Ya zauna ya rubuta jawabin wanda aka zalunta, shafi goma sha ɗaya. Ya sa tela ya ɗinka masa fararen kaya marasa ado, irin na mai haƙuri. Ya gwada jawabin a gaban mai ɗakinsa sau uku, tana tsintar shinkafa. Da ya tambaye ta yadda ta ji, ta ce, "Maigida, maƙwabta dai sun ji."

Ranar zama, cikin miliyan goman nan mutum goma sha ɗaya suka samu zuwa. Suka jeru a inuwar katanga da kwalaye a hannu. Da inuwar ta janye, biyar suka bi ta.

A ɗakin taro da ke hawan ƙasa, wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce ke shugabantar kwamiti, kowa Gwaggo yake ce mata. Ba ta ɗaga murya, ta saba da masu ihu tun a asibiti. Ta sa aka shimfiɗa fastar a kan dogon tebur, ta buɗe jaka ta ciro tef ɗin tela. Magatakarda ya riƙe baki ɗaya. Aka auna kan Shugaban Jam'iyya daga haɓa zuwa saman hula, aka auna na Aradu, aka sake aunawa don adalci. Na Aradu ya ɗara da inci huɗu. Magatakarda ya rubuta. Matan kasuwa da malaman makaranta kuwa, ba a samu lokacin ambatonsu ba.

Aradu ya miƙe, ya gyara fararen kayansa, ya buɗe shafi na ɗaya. "Tarihi zai shaida cewa a wannan rana..."

"Zauna, ɗan'uwa," in ji Gwaggo. "Ba a kore ka ba."

Ta sa tabarau ta karanta hukunci. Bisa la'akari da daɗewar hidimarsa, jam'iyya ta ɗaukaka shi zuwa Majalisar Dattawa, daga yau. Ya miƙa makullin hawa na biyu kafin a tashi aiki. 'Yan kwamiti suka miƙe suka tafa masa.

Aradu ya duba shafi goma sha ɗayan nan kaf, babu layi ɗaya da aka tanada don ƙarin girma. Wace rediyo zai je ya ce an zalunce shi, an ɗaukaka shi? Mutum shidan da suka rage a waje suka jefar da kwalaye, suka taya shi murna, suka haye sama gai da sabon Shugaban Matasa, wani yaro ɗanye shakaf ɗan shekara arba'in da tara.

Majalisar Dattawa tana bayan gini, kusa da ɗakin ajiye karyayyun kujeru. Sau ɗaya take zama a shekara, a nemi shawararta bayan an yanke hukunci. Sauran kwanaki tsofaffi huɗu ne ke zuwa shan iska. Babu makirfo, domin an ce maganar dattijo ba ta bukatar ƙarfe.

Duk da haka Aradu bai karaya ba. Ya shigo da ƙirji a gaba, ya ɗaga hannu.

"Iyayena! Na zo muku da sabon jini! Daga yau wannan majalisa za ta ji ɗumin ƙuruciya!"

Wanda ya fi tsufa cikinsu, mai sanda da haƙora uku, ya ƙura masa ido ya daɗe. Can sai fuskarsa ta washe. Ya dogara sanda, ya miƙe da ƙyar, ya kakkaɓe kujerarsa da hula.

"Yaya! Ashe kai ne? Ai kai ne monitanmu lokacin ina aji ɗaya! Zauna nan, Yaya, bai dace ina zaune babba yana tsaye ba."

Sauran ukun ma suka fara laluben sandunansu, don su ma sun tuna bulalarsa.