Hannun da Nomau Ya Ɗaga wa Inna

A Kwarin Gawo, idan ka wuce rijiyar masallaci ka karya hagu, gidan farko da za ka tarar na Inna Tasalla ne. 'Ya'yanta uku. Babban shi ne Shu'aibu, baduku, wanda sana'ar fata ta ja har birnin Marrakash na ƙasar Maroko. Can ya auri Zinatu, 'yar wani Bakano, suka haifi Sadiku da Ummi, jikokin da Inna ba ta taɓa goyawa ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan, kowace Sallah sai ya bugo waya ya ce, "Baɗi, Inna, in Allah ya yarda." Sai Hansai, da ke aure a bayan gidan. Autan kuwa Nomau ne, wanda gemu ya cika wa fuska, amma har yau yadda ka ajiye masa magana haka zai ɗauke ta, ba ƙari ba ragi. Mutanen gari wawa suke ce masa. Ni dai na san masu wayo da yawa da ba su kai shi riƙon amana ba.

Wata rana Inna ta shanya gero a tsakar gida za ta tafi barka, ta ce, "Nomau, kada ka bar kaji su taɓa mini geron nan." Ya ce, "To, Inna." Ba ta jima da fita ba hadari ya haɗo, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ta dawo a guje, ta tarar geron yana iyo ya nufi rariya, Nomau na biye da shi da tsumagiya, ya jiƙe sharkaf. Ya ce, "Inna, ko ƙwaya ɗaya kaza ba ta ci ba." Ta dube shi, ta dubi geron, ta shiga ɗaki ta ɗauko masa busasshiyar riga.

Wata rana Shu'aibu ya aiko cewa ya shirya wa Inna tafiya a jirgi, ta zo ta ga jikoki. Ta ce ba ta zuwa. "Ƙofar da ya fita tana nan, ban toshe ta ba. A ba Nomau ya je ya gano mini su." Da ranar tafiya ta zo Nomau ya ƙanƙame ƙyauren zaure yana hawaye, ya ce bai taɓa kwana inda ba ya jin tarin Inna ba. To, a bayan garin akwai wani ɗan dutse da ake hango hanyar mota daga kansa. Kullum bayan la'asar Inna takan hau shi, wai neman itace, ta dawo da kara biyu a hannu. Don ta lallashi Nomau sai ta ce, "An ce ƙasarsu akwai dutse mai tsawo har sama. In ka hau, ka fuskanci gida ka ɗago mini hannu. Ina kan namu, zan gan ka. Kada ka sauke sai na amsa." Ya share fuska ya ce, "To, Inna."

A Marrakash an karɓe shi hannu bibbiyu, amma zuciyarsa na gida. Ya ci burodi ya ci zaitun, ransa na marmarin tuwon dawa da miyar kuka. Yaran Hausarsu ba ta cika cokali ba, sai su riƙa kallonsa suna dariya, shi kuma yana kallon Ummi, don goshinta na Inna ne sak. Kowace safiya sai ya tambayi Shu'aibu, "Yaya, ina dutsen naku?"

Wata rana Zinatu ta ce, "Gobe Lahadi za mu kai yara dutse su yi wasan dusar ƙanƙara. Can sanyi ba ya wasa, Baffansu, ka sa duk kayan da ka zo da su." Da gari ya waye aka ga ƙofar ɗaki ta buɗe, wani abu kamar rumbu ya fito. Riguna huɗu, wanduna uku, babbar rigar Sallah a sama, bargo a kafaɗa, hula biyu ɗaya kan ɗaya, da tawul a wuya. Hannuwansa sun ƙi sauka gefe. Sai da Shu'aibu ya tura ta baya, Sadiku ya ja ta gaba, kafin ya shiga mota. Amma da suka fara hawan duwatsu iska ta fara yanka kunne, kowa ya koma raɓar Nomau.

Da suka isa, Nomau ya ga ƙasa fari fat har iyakar ganinsa. Ya duƙa ya damƙi dusar, ya sansana, ya ce, "Da Inna na nan cewa za ta yi an yi ɓarnar gari." Aka ɗaura masa wasu dogayen katakai biyu a ƙafa, irin waɗanda mutanen wurin ke sulɓi da su, aka ba shi sanda biyu. Shu'aibu ya ce, "Ba wuya. Ga wancan mai jar hular a gabanka, duk abin da ya yi ka yi." Abin mamaki, Nomau ya gangara sumul, har yara na tafi. Can tsakiyar gangara mai jar hula ya harɗe, ya tuntsura, ƙafafu a sama. Nomau, da ba abin da ya same shi, ya zo daidai wurin ya jefar da kansa, ya ɗaga ƙafafu shi ma. Mutumin ya miƙe yana faɗa da yarensu, yana dukan ƙasa da sanda. Nomau ya miƙe ya kama dukan ƙasa, yana faɗan da Hausa. Sai da Shu'aibu ya zo ya yi ta ba da haƙuri.

Bayan azahar suka nufi wasu kujeru da ke rataye a jikin waya, suna kai mutane ƙololuwar dutsen su juyo da wasu. Shu'aibu ya zaunar da shi ya ce, "Riƙe ƙarfen nan. Kada ka sauka sai na ce." Da aka kai sama hular Ummi ta faɗi, uban ya bi ta, ya manta da ƙaninsa. Kujera ta juya da Nomau ta yi ƙasa, ta sake hawowa, ta sake sauka. Ma'aikatan wurin suka yi ta daga masa murya, ko gezau. A zagaye na uku ne ya wuce ta gaban Shu'aibu ya ce, "Yaya, har yanzu ba ka ce ba."

Da ya sauka, la'asar ta yi. Ya dubi duwatsu jere a ƙarƙashinsa, gajimare ma yana ƙasa da su. Ya ce, "Yaya, ina ne gida?" Shu'aibu ya nuna kudu maso gabas da haɓa. Nomau ya juya can, ya ɗaga hannun dama sama, ya tsaya.

Da farko dariya suka yi. Zinatu ta zuba shayi, yara suka mulmula ƙanƙara suka jefi juna, Nomau na tsaye. Rana ta karkata, mutane suka fara raguwa, ma'aikaci ya zo ya ce an kusa tsayar da kujeru. Nomau bai sauke hannu ba, gemunsa ya yi fari da sanyi.

Shu'aibu ya ce, "Kai, sauke hannun nan mu tafi!"

"Inna ta ce sai ta amsa."

"Tsakaninmu da Inna akwai hamada guda! Ta ina za ta gan ka?"

"Tana kan namu dutsen. Ita ta ce."

Ran Shu'aibu ya ɓaci. Ya ciro waya ya kira Hansai, nufinsa ta ruga gida ta sa Inna ta ce ta gani, a huta. Ya buɗe murya don Nomau ya ji. "Hansai, maza je ki wurin Inna."

Hansai ta ce, "Ai ga ni tare da ita, Yaya. Muna kan dutse. Gwiwarta ce ta matsa, ba ta iya hawa sai na riƙe ta."

"Me ya kai ta dutse da ciwon gwiwa?"

"Abin da ke kai ta kullum mana. Tun ranar da motarka ta bi hanyar nan ba ta taɓa fashi ba, sai in ruwa ake."

Shu'aibu ya sunkuyar da kai. Shekara goma sha ɗaya yana bugo waya, bai taɓa tambayar inda take yini ba.

Sai ga muryar Inna, siririya, iska na kaɗa ta. "Nomau? Na gan ka, ɗan albarka. Ga nawa hannun na ɗaga. Amma wane ne wannan a tsaye kusa da kai da bai ɗago mini nasa ba?"

Shu'aibu ya miƙa wa Zinatu wayar. Ya fuskanci kudu maso gabas, ya ɗaga hannu, hawaye na bin kumatunsa. Ummi ta dubi ubanta ta ɗaga nata, Sadiku ma ya ɗaga.

Ya ce, "Inna, muna nan tafe. Baɗi..." Sai ya haɗiye sauran. "Ranar da Nomau zai dawo, tare za mu shigo, mu duka."

Inna ta ce, "To. Sai in daina wahalar da gwiwata."

Nomau ya sauke hannu a hankali, yana murza kafaɗa. Ya dubi yayansa da tausayi ya ce, "Yaya, dutse a bayan gidanka, shekara goma sha ɗaya, ba ka taɓa hawowa ka gaishe ta ba?"