Ranar Da Na Duba Bakin Likita

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ba, kuma ko na so in manta, abokan sana'ata na kara, kasuwar dabbobi, ba za su bar ni ba. Shekara uku ke nan, amma har yau in na shigo kasuwa sai wani ya rufe bakinsa da tafin hannu ya ce, "Kowa ya ɓoye nasa, ga shi nan tafe."

Ni dillalin dabbobi ne a Keffi. Ban yi boko ba. Allo ma ban yi nisa ba ubana ya cire ni ya sa ni bin shanu. Abin da na sani a duniya shi ne bakin dabba. Kawo mini sa ko rago, in kama haɓarsa, in ja leɓen ƙasa, in danna haƙoran da babban yatsa in girgiza, zan gaya maka shekarunsa, in gaya maka ko mai shi maƙaryaci ne. Fiye da shekara talatin ina wannan aiki, ba a taɓa cusa mini tsohuwar saniya da sunan karsana ba. Tirela ta taɓa kifewa da ni da shanu a hanyar Akwanga, na fito da ƙafata. Bijimi ya soke ni a cinya, na ɗaure da rawani na ƙarasa ciniki. 'Yan fashi sun tare mu a hanyar Nasarawa, na dawo gida da wando kawai. Duk waɗannan ba wanda ya ba ni kunya. Kunya ta zauna ta jira ni a wurin biki, gaban farantin shinkafa.

Rabi ce autata. Uwarta ta rasu tana ƙarama, yayyenta duk sun yi aure sun watse, gidan ya rage ni da ita. Da ta gama sakandare ta ce likitan haƙori take so ta zama. Na ce to, aikin baki ne, gado ne. Matsalar ita ce makaranta. Akwai fom da za ta cike ta sa wadda ta fi so a gaba, kuma ranar Litinin za a rufe. Makarantu biyu ne a ranta. Mu a gida muna ce musu ta kusa da ta nesa. Ta kusa awa uku ce a mota, kuma akwai ƙanwar uwarta a garin. Ta nesa can Kudu take, wuni guda cur kana cikin mota.

Mako biyu tana zaune a tabarma da waya da takardu tana karanta mini. Ta ce duka biyun hukuma ta amince da su. Ta ce ta kusa gininta sabo ne, ɗakunan kwananta masu kyau, amma ɗalibai layi suke bi kafin su samu kujerar aiki. Ta nesa tsohuwa ce, fentinta ya koɗe, amma asibitinta kullum cike yake da masu ciwon haƙori, ɗalibi yana sa hannu a bakin mutane da wuri, kuma suna da ɗaki guda inda ake koyon haɗa haƙoran roba. Ita ta nesa take so. Ba ta ɓoye ba.

Na saurara, na fahimci kashi ɗaya cikin uku. Gaskiyar magana, ba na son ta yi nisa. Ba na son cin tuwo ni kaɗai. Amma mutum irina ba ya faɗin haka (na fi son a sake soke ni a cinya). Sai na ce mata ba a cinikin biri a sama. Takarda ba ta da baki balle in duba. Garke daga 'ya'yansa ake gane shi. A nuna mini mutum ɗaya da kowace makaranta ta yaye, in gan su da idona, sannan in yanke.

Ta ce, "Baba, ai ba shanu ba ne."

Na ce, "Baki baki ne."

Maƙwabcina Malam Danjuma, tsohon hedimasta, ɗan ƙabilar Eggon ne, katangarmu ɗaya shekara ashirin. A wannan Asabar ɗin yake aurar da ɗansa, kuma ni na zaɓo masa san da aka yanka. Da ya ji zancen ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Likitocin haƙori biyu za su zo bikin. Dakta Bulus, wanda ya yi ta kusa, shi ne shugaban taro. Dakta Asabe, wadda ta yi ta nesa, dangin amarya ce. Ya ce zai zaunar da ni a babban tebur tsakaninsu in duba son raina. (Daga baya ya rantse da ya sani da a wajen masu girki ya ajiye ni.)

An yi liyafar da rana a filin wata firamare a unguwar Yara. Rumfuna, kujerun roba, janareta na ƙugi, matan zumuntar coci cikin zane iri ɗaya suna waƙa suna kaɗa tulu. Na sa babbar rigata ta Juma'a. Rabi tana can cikin ƙawayenta, amma duk na ɗaga kai sai in ga idonta a kaina.

Da Dakta Asabe na fara, tana damana. Ƙaramar mace ce, mai yawan dariya, don haka ban sha wahalar ganin kaya ba. Haƙoranta ruwan ƙasa, kamar an jiƙa su a ruwan goro, ɗaya ma ya hau kan ɗan'uwansa. Nan take na soke makarantar nesa a zuciyata. Na tambaye ta ko da gaske a can ta yi karatu, ta ce e. Na ce shekara nawa, ta ce shida.

Na ce, "Shekara shida, kuma ba wanda ya ga bakinki?"

Ba ta ji haushi ba. Ta yi dariya ta ce ruwan rijiyar ƙauyensu ne ya rina su tun tana yarinya, amma lafiyarsu ƙalau, ƙashi ma tana fasawa da su. Na ce uhum. Ni da na san launi ba ya kashe haƙori, ni da na sha gaya wa masu saye haka, a ranar na ƙi sani.

Na juya hagu. Dakta Bulus babban mutum ne, kwat da laktaye, furfura a gefen kai. Ya yi mini murmushi sai na ga abin da nake nema. Farare tas, a jere, kai ɗaya, ba gibi ba tsatsa. Raina ya yi sanyi. Na ce a zuci, Rabi, gidan innarki za ki. Da a nan na tsaya, da yau ina da mutunci a Keffi.

Ashe Malam Danjuma ya tsegunta wa mai gabatarwa abin da ya kawo ni. Mutumin nan, mai baki kamar reza, ya ɗauki makirfo ya shaida wa jama'a cewa wanda ya zaɓo naman da suke ci yana nan, kuma daga haƙori yake gane shekarun kowace halitta. Ya ce tunda shugaban taro ya ƙi faɗa wa kowa shekarunsa, yau asiri zai tonu. Aka ɗauki tafi. Dakta Bulus mutum ne mai son raha. Ya miƙe, ya juyo gare ni, ya washe baki.

Ya ce, "Bismilla, Baban Rabi. Duba."

Da ido yake nufi. Kowa a filin nan ya san da ido yake nufi. Amma sabo turken wawa. Shekara talatin hannuna ba ya shawara da ni in ya ga baki a buɗe. Kafin in ankara hagu ta kama haɓar likita, ta ja leɓen ƙasa. Ya ɗan ja da baya, sai na ji bakina yana cewa, "Tsaya, tsaya," da irin muryar da nake lallashin rago. Mai gabatarwa kuma ya kawo makirfo dab da mu, don haka har masu wanke tukwane sun ji. Babban yatsan dama ya hau haƙoran gaba, ya danna, ya girgiza.

Sai na ji ƙwas.

Na duba tafina. Haƙora huɗu, a jere, kan wani ɗan dasashi ja mai waya a gefe. Da ɗuminsu.

Na ɗauka na karya wa bawan Allah muƙamuƙi. Na nemi jini ban gani ba. Matan zumunta suka tsaya da waƙa. Filin ya yi tsit, sai janareta. Mai hankali a nan zai miƙa wa mutum kayansa ya ba da haƙuri. Ni kuwa sai na zura su a aljihun babbar riga, inda nake ajiye goro, na zauna, na ɗauki cokali. Har yau ban san dalili ba. (Rabi ta ce har loma biyu na kai. Ni ɗaya nake tunawa.)

Mai gabatarwa ya ruɗe, ya so ya rufe ɓarna, sai ya sanar cewa yanzu shugaban taro zai yi jawabi. Shugaban taro yana tsaye da hankici a baki. Ya sunkuyo kusa da kunnena, maganar tana fita da iska.

"Baban Rabi, haƙorana."

Na sa hannu a aljihu da sauri, na damƙo abin da na fara taɓawa, na ɗora masa a hannu. Goro ne. Fari, babba.

A nan filin ya fashe. Wata tsohuwa cikin matan zumunta ta zame daga kujera tana riƙe da ciki. Ango ya kifa kai a tebur. Amarya ta cusa mayafinta a baki. Duk inda na duba waya ce a sama tana ɗauka. Na sake lalubawa, na fito da makullin ɗaki, sannan igiyar ɗaure akuya, sannan haƙoran, ɓarɓashin goro da zare sun manne musu. Tirelar da ta kife da ni ta fi wannan sauƙi, don a can ba mai kallo sai shanu.

Dakta Asabe ce ta cece mu. Ta karɓe su daga hannuna, ta fasa ruwan leda ta wanke su, ta duba wayar, ta ɗan matse ta da yatsa. Ta juya Dakta Bulus ya ba jama'a baya, ta mayar masa. Ina jin ta tana masa faɗa a hankali, wai tun Ista take ce masa ya zo ta ɗaure su ya ƙi. Ashe shekarun baya babur ya kaɗe shi ya zubar da na gaba, ita ce ta auna bakinsa ta haɗa masa waɗannan.

Ya juyo da murmushinsa kamar ba abin da ya faru. Ya fara jawabi da cewa ya sha zama shugaban taro, amma yau ne karo na farko da aka taya shi. Wani daga can bayan rumfa ya tambaya ko an sallama. Aka sake kwashewa.

Ni ina zaune, shinkafa ta zama yashi. Can na karkata wajen Dakta Asabe na tambaye ta ko da gaske ita ta yi su. Ta ce e. Na ce a ina ta koya.

Ta ce, "Can inda ba wanda ya ga bakina."

Na haɗiye wannan ba ruwa. Amma na yi tunani. A kara na ga masu goge haƙorin tsohon sa da dutse, na ga masu shafa toka, na ga dabara iri-iri, ba wanda ya taɓa wuce idona. Matar nan ta wuce shi da rana tsaka, tazarar taƙi ɗaya, ina kallo ina yabo.

Da la'asar muka kamo hanyar gida ni da Rabi. Tana ta danne dariya, kafaɗunta na rawa. Da muka shiga zaure na tsaya.

Na ce, "Ki sa ta nesa."

Ta ce, "Baba, ka tabbata?"

Na ce, "Hannun da ya ruɗi idona, inda ya koya nan za ki."

Sannan ta ce ta san abin da ya sa nake son ta kusa, kuma za ta riƙa kirana kullum bayan magariba. Na ce ban tambaye ta ba. Ta ce ta sani. (Tana kira. Ina ɗauka tun ƙarar farko, amma wannan ba ruwan kowa.)

Ranar Litinin, bayan ta cike fom, na ɗauki zabi biyu na je asibitin Dakta Bulus ba da haƙuri. Ya karɓa da fara'a. Ya ce makarantarsu ma ba baya ba ce, amma yarinyar ta yi zaɓi mai kyau. Sannan ya ce akwai sauran abu ɗaya, ya nuna mini doguwar kujerar nan mai fitila. Na ce lafiyata ƙalau. Ya ce shi ma ranar Asabar lafiyarsa ƙalau. Wanzami ba ya son jarfa, amma ba yadda na iya. Na kwanta. Ya sa safar hannu, ya kama haɓata, ya ja leɓena. Na motsa, ya ce, "Tsaya, tsaya." Ya leƙa ya daɗe, ya kira ma'aikaciyarsa ita ma ta leƙa. Ya ce wannan kam ko kyauta aka kai shi kara ba mai ja. Ya cire mini turmi ɗaya da na shekara biyu ina danne shi da kanumfari.

Rabi tana aji uku yanzu. In ta zo hutu sai ta ce in buɗe baki, in buɗe.

Abin da na koya bai da yawa. Likitan haƙori ba a bakinsa ake duba aikinsa ba, a bakin wasu ne. Kuma duk abin da ya washe mini baki yanzu, sai na fara ƙirga ƙafafunsa. In huɗu ne, bismilla. In biyu ne, hannuwana a baya suke zama, don aljihun ma na daina yarda da shi.