Ashirin da Biyu a Ƙofar Firij

Wani ne a garinmu, Korrumbil. Ba zan faɗi sunansa ba, don matarsa na nan da ranta kuma ta san gidana.

Kun dai san garin. Rumbun alkama ɗaya, shago ɗaya, filin ƙwallo ɗaya. Ƙwallo kuma irin tamu ta Ostareliya, mai siffar ƙwai, wadda in ta faɗi ƙasa ita kanta ba ta san inda za ta nufa ba. Mutum goma sha takwas a fili, huɗu a benci, ashirin da biyu ke nan.

Shekara goma sha tara mutumin nan yana yanka wa 'yan wasa lemo. Duk Asabar, in an zo hutun ƙarshe, sai ka gan shi ya shigo fili da roba a hannu, yana raba lemo yana raba shawarar da babu wanda ya tambaye shi. Shi bai taɓa buga wasa ba. Burinsa ɗaya a duniya, ya shiga kwamitin zaɓen 'yan wasa. Mutum uku ne ke shiga ɗan ɗakin nan na bayan kantin filin ƙwallo ranar Alhamis, su rufe ƙofa, su tsaya gaban farin allon ƙarfe. Kowane ɗan wasa da sunansa a rubuce a kan ɗan maganaɗisu. Su tura wannan gaba, su jawo wancan benci. A garinmu wanda ke taɓa maganaɗisun nan ya fi ɗan majalisa daraja.

Ana nan sai ɗaya daga cikin ukun ya tsufa ya koma bakin teku wurin 'yarsa. Kujera ta zama ba kowa. Mutum biyu suka nema, mutuminmu da ƙanin matarsa, wani mai baki ana ce masa Clarrie.

Shugabar ƙungiya, Beryl Tregear, ita ce kuma mai kula da kanti. Ta kira su biyun. Tana magana tana tokare ƙofar firij ɗin kanti da gwiwa, don shekara uku ke nan ƙofar ba ta rufuwa sai an ɗaure ta da igiya.

Ta ce, "Bara wasa ɗaya muka ci, shi ma don motar abokan karawarmu ta lalace a hanya. Kowannenku ya je ya tsara mana ashirin da biyun da suka fi dacewa da kakar wasa mai zuwa. Lahadin farko ta Fabrairu ku kawo. Wanda nasa ya fi ma'ana, kujera tasa ce."

Clarrie ya ce, "Ni a bayan ambulan zan rubuta, minti biyar ya ishe ni. Shi kuwa yaya sai ku ba shi wuƙa da lemo, ya fi gane jeri a haka."

Mutuminmu ya juya wurin Beryl. Ya ce shi da maganaɗisu na gaske zai yi aiki. Beryl ta ce allo ba ya fita daga ɗakin, amma ta juye masa sunayen a robar askirim ta miƙa masa. Ya rungume robar har gida kamar an ba shi jariri.

A gida babu allon ƙarfe. Ya zaga, ya zaga, sai idonsa ya faɗa kan firij.

To kun san firij ɗin kowane gida a nan. Duk mai sana'a a yankin sai ya ba ka maganaɗisu da sunansa da lambar wayarsa ka manna. Mai famfo, mai wuta, mai kama maciji, kowa da nasa. Mutumin ya sa hannu ya share su kaf, ya zuba a durowar cokula. Ya zana fili a jikin ƙofar, ya fara jera 'yan wasa.

Matarsa Raelene ta shigo. "Wannan kuma mene ne?"

"Makomar gari ce."

"To makomar gari ta matsa, zan ɗauki madara."

"Yanzu? Ba kya ganin ina tsakiyar gyara 'yan baya?"

Haka aka shiga. Da safe ya sa Quill, kyaftin ɗin ƙungiya, a tsakiya. Da rana ya mayar da shi gaba. Da la'asar ya tsaya ya harɗe hannu yana yi masa faɗa, shi kaɗai da firij. Ya kafa doka, ba a buɗe ƙofa sai sau uku a rana, kuma a hankali, kada 'yan gefe su zame. Ranar Kirsimeti, wadda a nan take faɗowa tsakiyar bazara, ana zafin nan da ke narkar da kwalta, baƙi goma sha ɗaya suka sha lemon kwalba mai ɗumi saboda mutumin yana nazarin benci.

Clarrie ya leƙa kicin ranar. "Yaya, ashe ka samu allo daidai da kai. Ciki sanyi, kai babu komai."

"Fita! Leƙen asiri ka zo."

"Asirin me? Wannan da ka sa a baya ai ya koma Perth tun watan Oktoba."

Ashe gaskiya ne. Mutumin ya kwana biyu bai ci abinci da daɗi ba.

Ranar Juma'ar ƙarshe ya gama. Ya ja baya ya duba, har da ƙwalla a idonsa. Ya ɗauko zanin gado ya lulluɓe ƙofar, ya bi gefe da salatif. Ya ce wa Raelene, "Na rantse ba zan ƙara kallonsa ba sai a gaban jama'a. Duk lokacin da na kalla sai na canza. Ke ma kada ki ɗaga."

Ta ce, "Ni madara kawai nake so a rayuwata."

Asabar da safe yana gona, Raelene ta zo ɗaukar madara. Salatif ya riƙe ƙofa. Ta ja, ta ƙi. Ta fizga da haushin wata uku. Sai ji ta yi ƙwal, ƙwal, ƙwal, sunaye huɗu sun zubo ta ƙarƙashin zani sun shige can ƙasan firij. Ta sa tsintsiya, suka ƙara nisa. Ta durƙusa ta leƙa, ba ta ga komai ba sai gizo-gizo. Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa. Ta buɗe durowar cokula, ta ɗebo huɗu ba tare da ta duba ba, ta ɗaga zani ta cike guraben, ta mayar da salatif. Ta ce a ranta, ashirin da biyu aka ce, ga ashirin da biyu.

Lahadi da hantsi ta fita gaida wata maƙwabciya. Mutumin ya tsaya gaban firij yana tunanin yadda zai kai jerin. Ku da ni da waya za mu ɗauki hoto. Shi ya ce hoto ba ya nuna tazarar da ke tsakanin ɗan wasa da ɗan wasa. Ya ɗauko sukundireba ya kwance ƙofar ɗungurungum. Ya rataya bargo a bakin firij saboda nama da man shanu. Ya kwantar da ƙofar a kan katifa a bayan a-kori-kura, ya tuƙa kamar mai ɗauke da mara lafiya, motoci shida na bin sa suna hon.

Filin ya cika. Ana gashin nama, ƙudaje na nasu bikin. Clarrie ya fara. Ya zaro ambulan daga aljihun baya, ya karanta sunaye ashirin da biyu, ya zauna. Aka ɗan tafa.

Sai ga mutuminmu ya shigo rungume da wani abu lulluɓe, yana nishi. Ya jingina da bango. Hannun ƙofar ya leƙo ta gefe.

Beryl ta ce, "Wannan ba ƙofar firij ba ce?"

"Shugaba, bar batun ƙofa, dubi abin da ke kanta." Ya juya wa ƙofar baya, ya fuskanci jama'a, ya gyara wando. "Jama'a, wata uku ban yi barcin kirki ba. Duk sunan da ke nan na auna shi, na juya shi, na sake aunawa. Babu wanda ya shiga bisa kuskure. In kuka ji na ce a canza ko suna ɗaya, kada ku ba ni kujerar nan har na mutu. Kun ji?"

Clarrie ya ce, "Mun ji, kuma mun shaida."

Mutumin ya fizge zani ba tare da ya waiwaya ba. Wuri ya yi tsit. Ya ɗauka mamaki ne, sai murmushi yake.

Beryl ta sa tabarau ta matso. "Babban ɗan gaba, mai ci mana ƙwallo. Des Kowalski, gyaran famfo da bututu, a kira kowane lokaci."

Mutumin ya waiwaya. Ga shi nan, shuɗi, har da hoton famfo. Ya so ya ce kuskure ne. Amma ya riga ya rantse, ga Clarrie ya buɗe baki yana jira.

Ya yi gyaran murya. "Ƙwarai. Ni na sa shi."

"Des fa? Shekararsa hamsin da takwas, cikinsa ke riga shi shiga ɗaki."

"To ku gaya mini, a cikinku wa ya taɓa samun Des a lokacin da yake nemansa? Ya ce maka Talata, sai Juma'a ka gan shi. Garin nan gaba ɗaya mun kasa sanin inda yake, ɗan bayan wata ƙungiya ne zai tsare shi?"

Des na tsaye wurin gashin nama da tsoka a baki. Ya ce, "Wannan dai gaskiya ne."

Beryl ta ci gaba. "Dogon tsakiya, mai tsalle ya doko ƙwallo in an tashi wasa. Dakta Philippa Oakes, likitar dabbobi."

Aka kwashe da dariya. Likitar nan in ta tsaya bayan kantar asibitinta sai gashinta kake gani.

Clarrie ya ce, "Yaya, ita za ta yi tsalle da ƙaton nan na ƙungiyar Mundarrin? Wanda ke sunkuyawa kafin ya shiga rumbu?"

"Wa ya ce tsalle za ta yi? Da idona na ga matar nan ta kayar da bijimin gidan Pickering cikin minti biyu. Ƙaton Mundarrin ya fi bijimi nauyi ne?"

"Ai allura ta yi masa!"

"Ka nuna mini a littafin doka inda aka ce a caje safar ɗan wasa."

Beryl ta share hawayen dariya. "Ɗan gefe na dama. Enzo, fiza mai zafi har ƙofar gida cikin minti talatin."

"Bara ƙwallo ta taɓa zuwa daga baya zuwa gaba cikin minti talatin? Ko sau ɗaya?"

Koci ya sunkuyar da kai.

Sai Quill kyaftin ya miƙe. Sau uku yana cin kyautar gwarzon ƙungiya, wuyansa kamar turmi. "Malam, na duba sama na duba ƙasa. Ina sunana?"

Mutumin ya duba ƙofa, ya duba wuyan Quill. Ya ce, "Kai na ajiye ka a wuri mai sanyi. Sai wasan ƙarshe."

"Saura ɗaya," in ji Beryl. "Benci. Tolhurst da 'Ya'yansa, hidimar jana'iza cikin mutunci."

Tsoho Tolhurst na zaune a gaba da baƙar hularsa, shekara saba'in da huɗu. Ya ɗaga sanda. "Ɗan nan, na gode da karamci. Amma ni yaushe zan shiga fili?"

"Baba, kai dai ka zo da doguwar motarka ka jira. Da zarar likita ta haɗu da ƙaton Mundarrin, ɗayansu naka ne."

Tabɗi! Wani ya faɗo daga kujera. Enzo ya ce shi a ba shi riga mai lamba tara.

Kwamiti ya shiga ɗan ɗaki ya rufe. Mutumin ya tsaya kusa da ƙofar firij ɗinsa. Shekara goma sha tara na lemo, yau za a san matsayinsa. Bai lura ba ashe Raelene ta shigo tun ɗazu, tana tsaye a baya da kula a hannu, man shanu na ɗiga ta gefe.

Bayan minti uku suka fito. Beryl ba ta ko kalli mutumin ba. Ta wuce wurin ƙofar, ta auna tsawonta da taƙi, ta shafa robar gefe, ta leƙa kanti ta dawo tana gyaɗa kai.

Ta ce, "Kwamiti ya duba duk abin da aka kawo yau. Kujera ta Clarrie ce. Kai za ka ci gaba da lemo, ka iya. Amma ƙofar nan daidai take da firij ɗin kantinmu, har maƙalin. Ita mun ɗauke ta, ta fara aiki ranar Alhamis."

Mutumin ya ce, "Shugaba, shekara goma sha tara ina bin layi, ƙofa ta zo yau ta shiga yau?"

Kafin Beryl ta amsa, Raelene ta dire kula a ƙasa, tim! Ta ratso jama'a ta kama hannun ƙofar.

Ta ce, "Beryl, ba haka za a yi ba. Shi za ku riƙe, har kakar ta ƙare. Ni ku ba ni wadda ke da amfani a gida."