Ranar da Na Ƙara wa Modem ɗin Kawu Sauri

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na yi a gidan kawuna da ke Tudun Wada a Gusau ba, ko da kuwa mutanen gidan sun manta (ba su manta ba, fata dai nake yi). Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, ba a daɗe da ba mu jiharmu ba. A lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandare a Bungudu, kuma dawowata ke nan daga wani gajeren kwas na kwamfuta da aka tura mu a Kaduna. Kwas ɗin ko zango guda bai cika ba, amma in ka ga tafiyata bayan na dawo sai ka ɗauka ni na ƙera kwamfutar da hannuna. Ko rediyon wani aka ce ya lalace a majalisar mai shayi, sai in gyara zama in ce a kawo in gani.

Kawu Alhaji yayan mahaifiyata ne, dillalin auduga da gyaɗa, kuma yana cikin 'yan tsirarun da ke da tarho a gida a unguwar. Babban ɗansa, Yaya Nasiru, yana karatun likita a Masar tare da matarsa. Da ya zo hutu ya kawo wa gidan kwamfuta da wata 'yar akwati mai ruwan toka da ake kira modem, mai jerin ƙananan fitilu jajaye a gabanta. Ita ce ke haɗa kwamfutar da layin tarho, a aika saƙon imel a karɓa. In ta tashi aiki sai ta yi wata irin ƙara kamar an kulle zakara cikin gwangwani, sannan ta yi shiru, a ce an shiga intanet. Da Yaya Nasiru ya koma, ni na gaji kujerarsa. Duk ƙarshen mako nakan shigo mota daga Bungudu in buɗe saƙonni in karanta wa Kawu, shi kuma ya faɗa mini amsa ina bugawa da yatsu biyu.

To, sai matar Yaya Nasiru ta haihu, aka sami 'ya mace, aka mayar mata da sunan kakarmu, Inna. Ya rubuto cewa ya aiko da hoton jaririyar a cikin saƙon. Labari ya kai Tsafe inda Inna take zaune, tsohuwar da ba ta son kwana a ɗakin da ba nata ba, sai ga ta ranar Juma'a da ƙullin daddawa da kuka, ta ce ta zo ganin takwararta, kuma Lahadi da safe za ta koma.

Da yammacin ranar muka zauna. Wanda bai ga zamanin ba ba zai gane yadda hoto ke saukowa ba. Daga sama yake farawa, layi bayan layi, kamar ana saƙa tabarma. Muka ga silin ɗaki, muka ga fanka, muka ga hular Yaya Nasiru da rabin goshinsa, sai layi ya katse. Na sake bugawa, zakara ya sake kuka, muka sake ganin fanka da hula, layi ya sake katsewa. Haka muka yi ta yi har aka kira magariba. Inna ta miƙe tana kakkaɓe zane ta ce ita dai hular Nasiru take gani, ita kuwa ta san ta, don ita ta saya masa.

A nan ne bakina ya ja mini. Na ce wa Kawu laifin modem ɗin ne, tsohuwar manhaja ce a cikinta, shi ya sa take jan ƙafa. Na ce ina da wani diski da na zo da shi daga Kaduna wanda zai goge tsohon karatun da ke ƙwaƙwalwarta ya zuba mata sabo, ta koma gudu kamar ba ita ba. Gaskiya ne ina da diskin, kuma na irin modem ɗin ne. Abin da ban faɗa ba shi ne sau ɗaya na taɓa ganin an yi aikin, shi ma ta bayan kafaɗar wani nake leƙe. Kawu ya tambaye ni ko akwai haɗari. Na yi wata 'yar dariya irin ta masana (har yau in na tuna dariyar nan sai na runtse ido) na ce ga wanda bai sani ba, akwai.

Washegari da hantsi falo ya cika. Ga Kawu a kujerarsa, ga Hajiya matarsa a bakin ƙofar ciki, ga Inna a kan tabarmarta kusa da tebur. Akwai kuma Ardo, wani dattijon Bafulatani daga wajen Kwatarkwashi da ke riƙe da shanun Kawu, wanda ya zo gaisuwa da man shanu aka ce ya tsaya ya ga abin mamaki. Ni kuwa na sha babbar riga mai sitaci, don akwai ɗaurin auren wani abokina bayan azahar, kuma in faɗi gaskiya na ga aikin ya cancanci babbar riga.

Kafin in taɓa komai sai da na yi wa jama'a lacca. Na ce wannan aiki kamar tiyata ne. Daga lokacin da aka fara goge tsohuwar manhaja har a gama zuba sabuwa, in wuta ta katse ko da na ƙiftawar ido ne, modem ta mutu ke nan, babu tsohuwa babu sabuwa. Na sa aka tayar da janareta don kada mu dogara da wutar gari. Na nuna musu baƙar wayar da ta taso daga bayan modem ta bi ƙasa zuwa soket, na ce ko ƙuda kada ya sauka a kanta. Na sa yaran gida suka fita tsakar gida. Na roƙi Hajiya ta tabbatar ba wanda ya ɗaga kan tarhon da ke ɗakinta. Na dubi Ardo na ce ya janye sandarsa daga kusa da wayar, bawan Allah ya ɗauke ta ya rungume a ƙirji yana ba ni haƙuri. Sannan na juya kan Inna, na ce tabarmarta ta yi kusa, sai ta matsa. Tsohuwa ta tashi da kyar, tana dafa gwiwa, aka ja mata tabarma har jikin bango. Da yake tsakanina da ita akwai wasan kaka da jika, mai gidana take ce mini, ta ce tunda mai gida ya kore ta ai dole ta tashi.

Na yi bismillah da ƙarfi yadda kowa zai ji, na zura diski, na buga abin da ya kamata. Ga mamakina sai abu ya kama. Fitilun modem suka shiga walƙiya, wasu ɗige-ɗige suka fara jeruwa a fuskar kwamfuta daga hagu zuwa dama, a ƙarƙashinsu an rubuta da Turanci cewa kada a kashe. Na fassara musu rubutun, na ƙara da nawa.

Da a ce na zauna na naɗe hannu, da yau ba ni da labarin bayarwa. Amma ɗige-ɗigen nan a hankali suke tafiya, falo ya yi tsit, ni kuma malamin aji ne, ban iya ganin mutane zaune shiru ban koya musu wani abu ba. Ardo ya tambaya cikin ladabi ta ina hoton yarinyar zai biyo daga Masar. Na miƙe tsaye. Na fara bayani, ina kai da kawowa a gaban tebur, ina yaye hannun riga zuwa kafaɗa. Na ce saƙo yakan taso daga can, ya ratsa teku, ya sauka Legas, ya kamo hanyar arewa. Da na zo wajen ratsa teku sai na ga ya kamata in nuna faɗin tekun, na buɗe hannuwa na ja da baya taku guda.

Sai na ji wani ɗan ƙas a bayana. Fitilun modem suka mutu gaba ɗaya. Ɗige-ɗigen suka tsaya cak, sun ɗan wuce rabi.

Na juyo, raina a ɓace, na dubi Ardo da sandarsa, na dubi taga inda yara ke leƙe, na ce, "Wa ya taɓa waya?"

Na sake tambaya, wannan karon har da cewa ai na yi gargaɗi. A lokacin ne na lura ba fuskata suke kallo ba, dukkansu ƙasa suke kallo. Inna daga can jikin bango inda na kai ta ta ce a hankali, "Mai gidana, dibi ƙahwarka."

Na duba. Baƙar wayar ta naɗe a idon sawuna sau ɗaya, tsaf kamar munduwa, kan soket ɗin kuma yana kwance kusa da ɗan yatsana.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina kallon ƙafar nan ba, kamar ta wani ce aka ara mini. Ardo, Allah ya saka masa, ya mayar da idonsa kan silin yana nazarinsa. Hajiya ta shige ciki da sauri, na ji dariyarta ta kuɓuce mata a bayan labule. Na durƙusa, sitacin riga yana ƙara, na warware wayar na mayar da ita soket. Fitila ɗaya ta kama, ta tsaya ja ba motsi. Na kashe na kunna, na cire diski na hura masa iska na mayar, na buga duk abin da na sani har da wanda ban sani ba. Zakara bai sake kuka ba. Da na ga shirun ya yi yawa sai na ce wataƙila hutawa take yi (Allah ya yafe mini wannan).

Kawu bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya leƙa taga ya ce a kashe janareta. Inna ta fara naɗe tabarmarta tana cewa ba komi, in Allah ya nufa za ta ga yarinyar da idonta ranar da suka taho gida. Kowa a falon ya san sauran Yaya Nasiru shekaru kafin ya gama, kowa kuma ya san shekarun Inna. Maganar nan ta Inna ta fi kunyar da na sha yi mini ciwo.

Na tuɓe babbar riga na rataye, na yafe ɗaurin auren. Na tuna wani likita abokin Yaya Nasiru da ke zaune a Damba, wanda na taɓa jin yana da modem a gida. Na tari kabu-kabu na nufi can. Na so in ce masa ta Kawu ce ta lalace kawai, amma mutumin likita ne, sai da ya tambayi yadda ciwon ya fara. Na tsaya a ƙofar gidansa na ba shi labari tun daga lacca har zuwa teku. Ya yi dariya har ya dafa bango, sannan ya shiga ya fito da tasa a cikin leda, tsohuwa ce ma fiye da wadda na kashe. Da zai miƙa mini sai ya riƙe ledar ya ce, "Malam, sharaɗi ɗaya. Kada ka ƙara mata sauri."

Bayan la'asar na haɗa ta, ba lacca, ba bismillah mai ƙarfi, a zuci na yi. Ardo ya riga ya kama hanya, falon daga ni sai Kawu sai Inna, wadda na shimfiɗa wa tabarma da hannuna a gindin tebur. Layi ya katse, na sake bugawa. Ya kuma katsewa, Hajiya ta kawo fura muka sha, na sake bugawa. Can dai aka dace. Fanka ta wuce, hula ta wuce, fuskar Yaya Nasiru ta fito yana murmushi, sai kafaɗarsa, sai farin shawul, sai ga 'yar fuska ido a rufe, da dunƙulallen hannu a gefen kunci.

Inna ta dafa tebur ta miƙe, ta kai fuskarta dab da gilashin, ta sa bakin mayafinta ta goge shi. Ta daɗe tana kallo, leɓenta na motsi da addu'a. Sannan ta ce, "Wagga ta ɗauko goshina. Allah shi ba ta haƙuri." Kawu ya yi dariya, ya juya gefe yana share ido da hannun riga. Ni dai ina zaune, ƙafafuna biyu a ƙarƙashin kujera, ban yarda na motsa ko ɗaya ba har aka gama.

Modem ɗin Kawu ta je Kano wajen masu gyara ta dawo yadda ta tafi, daga baya na gan ta Hajiya na tokare taga da ita. Kawu ya sayi wata, kuma bai hana ni karanta masa saƙo ba. Sai dai daga ranar, in wani abu ya fara ciwo a gidan, ko agogon bango ne, nakan ji yana ce wa Hajiya ƙasa-ƙasa a kai shi wajen gyara kafin Asabar.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya zauna. Abu in yana aiki, ko da jan ƙafa yake yi, a bar shi ya gama abin da aka zo dominsa tukuna. In kuma har ka ga dole sai ka gargaɗi mutanen ɗaki game da waya, to fara neman kujera ka zauna.