Rasuwar Dattijo, Jirgin da Baba Bai Taɓa Hawa Ba

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, babban makanikenmu, wanda kowa a rumfar gyara ke kira Baba, yana sanar da rasuwar abokin zamansa Dattijo, jirgin sama mai farfela biyu. Ya rasu da hantsi, yana tsaye a ƙasa, ko ƙofarsa ba a rufe ba.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya ɗauki masu amai da masu kuka, ya ɗauki matuƙan da ke buga shi da ƙasa kamar buhun gawayi, bai taɓa kai ƙara ba. Idan aka tashe shi sai ya yi tari, kuf, kuf, kafin ya saki wuuu ɗinsa mai sanyaya rai. Saboda tarin nan Baba ya ƙi toshe kunne tun yana saurayi, shi ya sa yau sai ka ɗaga murya yake jin ka.

Tun gashin Baba yana baƙi yake kwana da baƙin mai a farce saboda Dattijo, amma bai taɓa tashi sama a cikinsa ba. Nasa dai ya gyara, ya shafa masa ciki, ya ɗaga hannu. Da ritayarsa ta matso, shugabanni suka yi masa alkawarin kujera a tashin gwaji bayan gyaran da za a yi wa Dattijo. Matarsa har ta kai ɗinki, jikoki sun gama baza labari a unguwa.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. An canza bututun mai na injin dama, aka kunna don a ji lafiyarsa. Ya yi tari ɗaya, na biyun bai fito ba, sai wuta. Aka ruga wajen babbar tukunyar kashe gobara, wadda mu da kanmu muka daɗe da mayarwa teburin shayi. Kafin a kwashe kofuna, a ja ta da tayarta da ta sace, wutar ta kama fiffike. Mutum huɗu suka riƙe Baba. Babu wanda ya ƙone, mun gode Allah, amma zuciyar tsohon nan ta karye.

Marigayin ya bar tsani, da motar da ke jansa, da tantabarun rumfa da suka rasa wurin yin kashi. Ya kuma bar Baba, wanda har yanzu yake sammakon zuwa aiki ya tsaya yana kallon baƙin da wuta ta bari a kan siminti.

Za a yi jana'iza gobe da safe a bayan rumfa, inda masu yankan ƙarfe za su shirya shi. Daga nan babbar mota za ta kai shi makwancinsa. Direba ya yi wa Baba tayin zama a gaba, ya ƙi. Ya ce a baya zai zauna, a kan abin da ya rage na Dattijo, su yi tafiyar nan tare ko da a ƙasa ne.