Yadda Ake Zaɓa wa Makaranta Kwamfuta Ba Tare da Ɗalibi Ya Taɓa Ta Ba

Kai sabon shugaban makaranta, matso kusa. Shekara shida na yi ina bin matakan nan a wata sakandare da ke Yolde Pate. Ka bi su, na lamunce maka: kayanka ba za su lalace ba, manya kuma za su sa maka albarka.

1. Kada ka tambayi mai koyarwa.
Lokacin da 'yan gudun hijira suka cika mana azuzuwa, yara tamanin a ɗaki ɗaya, wata ƙungiyar agaji ta ce mu zaɓi abin da muke so ta saya mana. Malama Zipporah mai koyar da lissafi ta nemi benci da alli da fanka. Na tuna mata cewa alli ba ya kyau a hoto.

2. Zaɓi abin da ya fi cin wuta.
Makarantarku ba lantarki? Madalla. Na'urar da ba a kunna ba, ba ta mutuwa. Je shagon Chukwuma a Jimeta, nuna mafi faɗi. Zai tambaye ka ko kuna da sola, don mutum ne mai tsoron Allah. Ce masa ana kan magana.

3. Kulle kwamfutocin a sito da ledarsu.
Makulli kuwa, ba wa wanda ake shirin canja wa wurin aiki. Namu yana Ganye, a aljihun Malam Hamajoɗa.

4. Ranar baƙi, ɓalle kwaɗon.
Jera kayan, zaunar da yara masu wankakkun riguna. Hannu kusa, ban da taɓawa. In baƙo ya ce a kunna, ce yanzu aka ɗauke wuta. Ba a taɓa ƙaryata mutum kan wannan ba a Yola.

5. Koyar da kwamfuta a allo.
A zana, a haddace, a ci jarabawar aji. Ilimi ai a ka yake.

6. Koyi kallon silin.
Za ka buƙace shi. Akwai Nancy, wadda ta gudo daga Michika a ƙafa tare da kakarta, ba wanda ya kai ta lissafi. Ta je jarabawar shiga jami'a, irin wadda ake yi da kwamfuta. Washegari Malama Zipporah ta riƙo hannunta har ofishina, ta ce wa yarinyar ta maimaita mini abin da ta faɗa mata.

"Baba, duk amsoshin na sani. Inda ake dannawa ne ban sani ba."

Ce mata baɗi ma shekara ce. Kada ka haɗa ido da malamar.

Gargaɗi: in kakar yarinya ta zo ta zauna a ƙofarka, ita da kai ne. Ba ruwan mai wannan rubutu, an ƙara masa girma tuni. Mai ƙorafi ya cike fom ta intanet.