Ranar da Na Sace Takarkarin Gidanmu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tashi ceton gidanmu daga bashi, na ƙare a cikin taɓo. Zamanin Faransa ne, gab da tafiyarsu. Arlit ɗin nan da nake zaune yanzu ko bukka babu a lokacin, sai duwatsu da rana. Mu muna can wajen Cirozerin, inda Baba yake da garka a bakin kori, wato rafin da ke kawo ruwa da damina: alkama, albasa da 'yan itatuwan dabino.

Da na gama lakwal, wato makarantar boko ta garinmu, aka ce zan wuce babbar makaranta a kudu, inda ake horar da malamai. A bakin Nasara karatun kyauta ne, amma akwati da bargo da takalmi da kuɗin kamyo, babbar motar da za ta kai ni, ba kyauta ba ne. Baba ya je ya ci bashi wurin Madugu Ilyas, wani dattijo mai kai ayari Bilma ɗauko gishiri. Jinginar kuwa takarkarinmu ne, wato sa mai jawo mana ruwa daga rijiya. In babu shi babu ruwa, in babu ruwa garka ta mutu, mu ma mun bi ta.

Na dawo hutu da farin gajeren wando da farar taguwa, ina taku kamar ni na haifi kumandan. (Ko gaisuwa sai na sa "bonjur" a gaba, har kakata ta tambaya ko ciwon haƙori nake yi.) Amma a ciki tsoro ne fal. Inna ta raɗa mini cewa fara ta cinye alkamar bana, Baba bai biya Madugu ko anini ba.

Ran nan da hantsi Baba yana can ƙarshen garka yana juya ruwa a fangali, ya bar takarkari a bakin rijiya yana hutawa. Ina ɗaga kai sai ga Madugu tafe, igiya a kafaɗa, wani mai kaki yana bin sa. Mai bin bashi, da igiya, da ɗan gwamnati? Ai magana ta ƙare. Zuciya ta ce mini, "Kai ne mai ilimin gidan nan, kuma saboda kai aka ci bashin. Ka gudu da sa cikin duwatsu kafin su iso."

Bari in gaya wa wanda bai san rijiyar garka ba yadda take. Sa yana tafiya a wata 'yar hanya madaidaiciya, yana jan igiya, wasaki ya fito cike ya juye ruwa a kwararo, sai sa ya juyo da kansa ya koma bakin rijiya. Abin da namu ya yi ke nan tun yana ɗan maraƙi. Na san wannan sarai, amma tsoro ya kwashe mini wayo.

Na daka tsalle na haye bayansa, na zuba masa dunduniya. Ya tashi cikin natsuwa, ya bi hanyarsa, ya kai ƙarshe, ya tsaya cik. Sai na ji shaaa a bayana. Ashe ko igiyar rijiya ban kwance ba! Kafin in yi wani tunani ya juya, ya mai da ni inda na fito. Na sake dukansa, ya sake kai ni, ya sake dawo da ni. Ni ina gudun ceton gida, shi yana aikinsa na kullum. Ruwa ya cika kwararo har yana ambaliya, maƙwabta suka fara leƙowa ta kan shinge. Da na ga Madugu ya iso, sai na fizgi igiyar hancin da ƙarfin tsiya. Sa ya girgiza kafaɗa sau ɗaya, na yi sama, na sauka a taɓo da fararen kayana.

Madugu ya tsaya a kaina. Amawali ya rufe masa baki, amma idanunsa rawa suke yi.

"Ɗana, ina zuwa haka?"

Na ce, "Madugu, ba za ku tafi da shi ba! Akwai doka!" (Wace doka? Har yau ban sani ba.)

Ya dubi mai kaki, ya dube ni. "Ciwon shanu ya shigo kori. Wannan mai allurar dabbobi ne, na kawo shi ya yi wa sa. Igiya ta ɗaure ƙafa ce. In sa ya mutu, ubanka ya rasa ruwa, ni na rasa kuɗina, kai ka rasa lakwal. Wa ya ci riba?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Baba ya ƙaraso da fartanya a hannu, ya kalle ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Madugu, ka ga abin da na saya da kuɗinka."

Kowa ya fashe da dariya, har mai allura. Madugu ya goge hawaye da bakin rawani ya ce, "Ƙyale shi. Yaron da ya hau sa don kada ubansa ya ji kunya ba zai cinye mini kuɗi ba. Sa yana nan wurinku. Zan jira har ya zama mushe, malamin lakwal, ya biya da kansa."

Wallahi ban taɓa jin sanyi a raina irin na lokacin ba. Ina zaune a taɓo, ana yi mini dariya, ni kuwa hawayen daɗi nake yi. Ni na riƙe wutsiya da aka kayar da sa aka yi masa allura.

Na zama mushe, na biya Madugu da albashina kaɗan kaɗan, amma sunan "Mahayin Rijiya" bai bar ni ba sai da tsarana suka ƙare. Abin da na koya shi ne, in ka ga mai bin ka bashi da igiya, ka gaishe shi tukuna ka ji da me ya zo. In kuma gudun ya zama dole, to don Allah ka fara kwance san.